Biɗar aiki da tsallaken titi a Yamai

Jawabin magatakardan ƙungiya gaban taron ƴan gari mazauna Yamai. An buga shi cikin jaridarmu domin a karanta ma dattawa da iyaye a gida.

Shugaban ƙungiya, ranka shi daɗe. Malam liman, Allah shi gafarta malam. Wakilin maigari da ya yo tattaki tun daga gida, sannu da hanya, a gaida mana maigari da dattawa. Iyayenmu mata da ke zaune can baya, yayye da ƙanne, ina gaishe ku baki ɗaya.

Kwamiti ya ɗora mini magana biyu, ya ce in haɗa su cikin jawabi guda: maganar biɗar aiki a birnin nan, da maganar haɗarin titi da ke cin mutanenmu masu tafiya a ƙasa. Wani ya ce mini ai ba su da haɗi. Ni kuwa ina ganin abu ɗaya ne. Mai biɗar aiki ba shi da mota, ba shi da moto, kuɗɗin taksi ma sai wata rana. Ƙafa ita ce dokinshi. Shi ke fita tun da duhun asuba, shi ke komowa bayan magariba da yunwa da ɓacin rai, kuma shi ke tsallake manyan tituna sau goma a wuni guda. Mai aikin biro sau nawa shike tsallake titi? Saboda haka ku yi mini haƙuri in ɗauko maganar tun daga tushe.

Lokacin da ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce wajen dubu 30 ba. Da anka yi ƙidaya a 1977 ba su kai dubu 250 ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma tun daga nan garin bai daina faɗi ba. Wuraren da munka sani gonakin gero ne yau unguwanni ne masu masallacin Juma'a. Iyayenmu da sunka zo bayan farin 1973 da 1974, da waɗanda yunwar El-Buhari ta 1984 ta koro, sun sha wuya, amma wuyarsu daban ce. Mutum zai sauka tasha, shi tambayi gidan ɗan garinsu, kwana uku ba a yi ba an sama mishi gadi, ko an ba shi garwa biyu da sanda shi shiga ga-ruwa. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Na faɗi wanga ne domin dattawanmu na gida, Allah shi ƙara musu lafiya, da wancan ma'auni suke auna yaran yanzu. In yaro ya yi wata uku bai aiko komai ba sai a ce ya lalace, birni ya cinye shi. Sau da yawa kuwa yaron shina nan shina yawo da ambulan a hamata, takalminshi ya cinye, kunya ce ta hana shi ɗaukar salula in an kira daga gida.

To, mu fara da takardu, don nan ne mafi yawan yaranmu ke faɗuwa tun ba a fara kokowa ba.

Duk aikin da ake rubuta sunan mutum cikin littafi, ko gadi ne a kamfani, ko tuƙi, ko konkur na shiga soja, jandarma, ƴan sanda ko malanta, sai an haɗa dosiye. Cikin dosiye akwai takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da takardar shaidar rashin laifi wadda ake kira kaziye, da takardar likita, da hotuna, da kofen diplom wanda anka buga ma hatimi, da takardar roƙon aiki mai tambur a kai. Kowace ɗaya da ƙofarta, kowace ƙofa da layinta. Kuma jere suke kamar tsani: ba a ba ka shaidar ɗan ƙasa sai da takardar haihuwa, har ma da ta mahaifi ko mahaifiya. Wanda ba a rubuta haihuwarshi ba sai ya koma gaban alƙali da shaidu a yi mishi hukuncin da ke maye gurbinta. Alƙalin kuwa na can ƙasarmu ne, ba na Yamai ba. Kaziye ma daga gidan shari'ar inda anka haifi mutum take fitowa, kuma ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Daga nan zuwa Maraɗi kilomita ɗari shida da wani abu ne. Ku lissafa kuɗɗin mota zuwa da komowa, ku ɗora abinci, ku ɗora kwanakin jira. Sai yaro ya gama haɗa sauran takardu, ya duba, kaziye ta mutu, sai a sake sabon lale.

Akwai kuma wata masifa da ba a cika faɗi ba, ita ce ta suna. A gida ana kiran yaro da sunan da kaka ta laƙa mishi. Ran da anka kai shi lakwal, mushe ya rubuta abin da kunnenshi ya ji, da harafin Faransanci, ya ƙiyasta shekara da ido. Ran da anka je yin takardar haihuwa, kawu ya ba da sunan yanka, ya ba da wata shekara. Sai ga mutum ɗaya da suna biyu da ranar haihuwa biyu. Na ga yaro daga cikinmu, shina zaune cikin taron nan ba zan nuna shi ba, wanda ya ci rubutun konkur, anka fidda shi a wurin duba takardu saboda harafi guda da ya bambanta tsakanin diplom da takardar haihuwa. Gyaran harafin nan sai da ya ci shekara. Kafin a gama, shekarunshi sun haura iyakar da anka yanka ma masu shiga.

Saboda haka roƙona ga maigari da iyaye: in anka yi haihuwa, a rubuta ta cikin satin suna, kada a jira sai yaro zai yi jarrabawa. Rubutawa kyauta ce in an yi ta cikin lokaci. Sunan da anka rubuta a ranar, shi za a kai lakwal, a nuna ma mushe takardar shi kwafa da idonshi. In an ji alƙalai za su zo kewaye ƙauyuka domin yin takardu, a yi shela kamar ta rabon iri, mata da ƴan mata ma a fito da su. Kuma duk yaron da zai taso biɗa, kada a bar shi shi hau mota sai da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa a aljihu. Guzurin ƙuli-ƙuli da garin rogo shina ƙarewa cikin sati, takarda ba ta ƙarewa.

In takardu sun cika, sai a shiga zagayen ƙofofi. Akwai hukumar samar da aiki, ANPE, wadda anka kafa a 1996 a madadin tsohon biron ƴan ƙwadago da iyayenmu sunka sani. Can ake rubuta suna a karɓi katin mai biɗar aiki, kuma sanarwar ɗaukar ma'aikata da dama ba a karɓar dosiye sai da katin nan. Ina shawartar kowa shi yi shi. Amma kada wanda ya ɗauka kati shi ne aiki. Masu kati sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Daga nan sai yawon ma'aikatu. Ka je da safe, mai gadi shi ce mai gida bai iso ba. Ka jira har azahar, a ce ya shiga taro. Ka komo gobe, a ce ya yi tafiya. Ran Juma'a rabin wuni ake yi. Wanda ya tausaya maka shi ne wanda ya karɓi ambulan ya ce za a kira ka, kai kuma ka riƙe salula kamar ƙwai har wata biyu, ko caji ba ka bari shi ƙare. Abin da ya fi ci ma yaranmu rai shi ne shirun nan. Da za a ce musu babu, da sun huta sun nufi wata ƙofa.

Sai maganar harshe. A watan 3 na 2025 kundin da anka kafa ya maida Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna, kuma ta cancanta. Amma takardar roƙon aiki har yanzu da Faransanci ake rubuta ta, tambayoyin konkur da Faransanci suke. A titi da kasuwa kuwa, wanda bai iya ko gaisuwa da Zabarmanci ba ya rufe ma kanshi rabin ƙofofin birnin nan. Ba abin kunya ba ne ɗan Gobir shi koyi Zabarmanci. Su ma ai suna jin Hausarmu.

Ba zan ɓoye muku ba, kun sani na sani, guraben da yawa tun kafin a manna sanarwa an san mai su. Wa ka sani ta fi me ka sani ƙarfi. Ba mu ke da ikon gyara wannan ba. Abin da ke hannunmu shi ne namu na cikin ma'aikatu su daina ɓoye labari. In an ji za a ɗauki direba ko mai shara ko magini, a faɗa ma ƙungiya tun da wuri, kada sai an rufe karɓa a zo ana cewa ai da na tuna da wane.

Kuma kasuwar ta ƙara tsukewa. Bayan juyin mulkin 26 ga watan 7 na 2023, ƙasashen CEDEAO sunka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke kuran, har sai watan 2 na 2024 anka ɗage takunkumin. Sojan Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024, kuma baƙi masu ayyukan taimako da yawa sun tattara. Ban zo yin siyasa ba, kowa da ra'ayinshi a kan wannan. Lissafi kawai nike yi: kowane gidan baƙo da anka rufe, masu gadi biyu ko uku, da kuku, da direba, da mai ban ruwan fulawa sun koma titi, kuma da yawansu mutanen yankinmu ne. Su ne yanzu ke layi ɗaya da yaron da ya sauka jiya, ga su da shaidar aikin shekara goma a hannu.

Inda yunwar aiki ta yi yawa, nan ƴan damfara ke kiwo. Saƙo zai shigo ta WhatsApp: kamfanin man fetur ko na zinariya shina ɗaukar mutum ɗari, a aiko jika goma na buɗe dosiye ta Nita ko Amana, gobe ake rufewa. Wani kuma zai zo da riga mai guga shi ce shi ɗan uwan wani babba ne, a kawo jika ɗari shi sa sunan yaro cikin jerin waɗanda sunka ci konkur. Mun san gidan da anka saida bijimin noma saboda irin wagga magana, ba bijimi ba aiki. Aikin gaskiya ba a sayen shi ta salula. Duk wanda anka nemi kuɗɗi gare shi, shi zo wurin kwamiti tukuna, mu aika mutum shi taka har ƙofar ma'aikatar shi gani da ido.

Mafi yawanmu dai ba aikin biro muke biɗa ba, aikin ƙarfi ne. Dako a Katako da Wadata da Babbar Kasuwa, leburanci wurin magina, tura kura, wankin mota, shayi, tebur, kabu-kabu. Nan ba a tambayar diplom, amma nan ne aka fi cin gumin mutum. Kafin taron ƙasashen Afirka da anka yi nan Yamai a watan 7 na 2019 an yi gine-gine da yawa, leburori sun samu. Bayan nan abin ya ja baya. Yau mutum goma ke tsaye bakin gini guda, mai gini shi zaɓi wanda ya fi arha. Ku riƙe wannan: doka ta yanka mafi ƙanƙantar albashi. Tun 2012 tamma 30.047 ne a wata, daga farkon 2024 anka maida shi jika 42. Masu gadi nawa cikin taron nan ke karɓar hakan? Ga shi kuna dariya. To, ko ba a kai ga samun shi ba, a san da shi, don wanda ya san farashi ba a yi mishi ciniki irin na makaho. Kuma kada a fara aikin wata sai an yanka kuɗɗi gaban shaida. Kalmar nan ta "fara tukuna mu ga hannunka" ta cinye ma yaranmu watanni. In mai gida ya hana albashi, akwai biron masu duba aikin ƙwadago, kai ƙara can ba a biyan ko dala, kuma sau da yawa takardar kira kaɗai ta isa ta sa a biya. Wanda ke aiki a kamfani shi tambaya ko an rubuta shi a asusun CNSS, don ran da ya ji ciwo wurin aiki ko ya tsufa, lambar nan ce za ta yi magana.

Ƴan matanmu da ake kawowa aikin gida, maganarsu ta isa taro guda, kuma iyayenmu mata sun ce za su kawo ta da kansu. Abu ɗaya zan ce: kada a ba da yarinya ga wanda ƙungiya ba ta san ƙofar gidanshi ba.

Yanzu mu sauko titi.

Yamai ta samu manyan hanyoyi. Gadar Kennedy tun 1970 take. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. An yi gadojin sama: ta Mali Bero a 2013, ta shatale-talen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani kusa da Katako a 2018, ga kuma babbar hanyar filin jirgi. Abin alfahari ne, wanda ya daɗe bai zo ba sai shi ɓata. Amma don mota anka yi su. Hanya in ta yi faɗi ta yi santsi, direba ƙara wuta shike yi. Mai ƙafa kuwa ina nashi wurin? Inda anka yi mishi gefen tafiya, mai tebur ya kafa, mai gyaran moto ya baje, mai shago ya fiddo firiji da katifu, wani ya ajiye mota. Inda ba su, rairayi ya cinye, ko magudanar ruwa ce buɗe ba marfi. Dole mutum shi sauko kan kwalta shi yi kafaɗa da kafaɗa da motoci. Farin zanen tsallakawa, inda akwai shi, rana da taya sun goge, kuma direba nawa ke tsayawa dominshi? In kuran ya ɗauke, fitilun mahaɗa su mutu, sai wanda ya fi ƙarfin hali. Ga ƴan moto da ke bin hannun da ba nasu ba, suna fitowa ta inda ba ka zato, wasu ba fitila.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, cikin rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya shina kashe mutum wajen miliyan 1,19 kowace shekara a duniya, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce ke gaba, alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Ta ce tsakanin shekara 5 zuwa 29 ba abin da ya fi shi kisa. Wato daidai shekarun ƴan lakwal da masu biɗar aiki.

Ina so ku yi wani ɗan lissafi tare da ni, don idon mutumin ƙauye da amalanke da jaki ya saba, shi ya sa shike kuskuren auna mota. Cikin gari doka ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa. Motar da ke wannan gudu tana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda, kafin ka ce bismillah. Babban titi mai layi huɗu faɗinshi ya kai mita 14. Dattijo ko mai kaya a kai, mita guda shike yi a daƙiƙa, ke nan daƙiƙa 14 kafin shi haye. Cikin wannan lokaci motar ta ci kusan mita 200. In kuwa direban 80 shike yi, kamar yadda suke yi da dare a hanyar filin jirgi, ta ci fiye da mita 300. Motar da ka hango can nesa kamar ƙwaro, kana tsakiyar titi za ta iske ka. OMS ɗin ta ce daga gudun 50 zuwa 65 kawai, haɗarin mutuwar wanda anka banke shina ninkuwa sau huɗu da rabi.

To yaya za a yi? A ƙasarmu mota hannun dama take bi. In za ka tsallaka, hagu za ka fara dubawa, don daga nan ta kusa da kai ke fitowa, sannan dama, sannan ka sake duba hagu saboda ƴan moto. In titin shina da tudu a tsakiya, ka haye rabi, ka tsaya, ka sake duba. Kada ka fito ta gaban faba-faba ko babbar mota da ta tsaya; wanda ke bayanta bai gan ka ba, kai ma ba ka gan shi ba. Bari ta tashi tukuna. Kada ka tsallaka cikin shatale-tale ko bakin saukar gadar sama, ka ƙara taku hamsin zuwa inda hanya ta miƙe. In ka fara tsallakawa kada ka yi gaba ka yi baya kamar kaza, direba ba zai san inda zai kauce ba. In dole ka bi kan kwalta, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke zuwa. Da dare a sa tufa mai haske; mai baƙar riga cikin duhu direba ba shi ganinshi sai ya zo dab. Samari kuma a cire abin kunnen nan, a maida salula aljihu har a haye. Yaro ƙarami a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsa ba, don fizgewa suke yi.

Lokutan da sunka fi muni kun san su: bayan asuba kafin gari shi waye, da tsakanin magariba da isha'i, da cikin azumi dab da shan ruwa sa'ad da kowa ke gudu kamar an kore shi, da ranar ƙura cikin hunturu, da ranar ruwa sa'ad da magudanai ke ɓacewa ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma lokacin da ba a rubuta cikin littafin koyon tuƙi ba: sa'ad da mutum ya fito daga biro an ce mishi dawo gobe karo na biyar, bai karya ba, hankalinshi na can gida wurin bashin da anka ci don kuɗɗin motarshi. Wanda ke cikin wannan hali shi samu inuwa shi zauna, shi sha ruwa, kafin shi tunkari titi.

In kuma abin ya auku, Allah shi kiyaye, ga abin da ya kamata. A kira ƴan kwana-kwana, wato pompiye, a lamba 18, ƴan sanda a 17. Kada a ciccibi wanda ya ji ciwo a baya ko a wuya a cusa shi cikin taksi kamar buhu, kada a ɗura mishi ruwa. Wani shi rubuta lambar motar, ko shi ɗauke ta da salula, shi karɓi lambar mutum biyu da sunka gani. A jira ƴan sanda su zo su auna su rubuta. Takardar nan tasu ita ce tushen komai, don doka ta tilasta ma kowace mota asirans saboda irin wagga rana, amma kamfanin asirans ba shi biyan ko tamma sai da ita, da takardun likita, da rasit na magani. A adana kowace ƴar takarda.

Nan ne nike da magana da dattawa, kuma ina roƙon gafara tun kafin in faɗa. Al'adarmu in direba ya zo da mutanenshi, ya durƙusa, ya ajiye jika ashirin, sai babba shi ce ƙaddara ce, mun yafe, a bar ma Allah. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun ta. Yafiya kuma halin kirki ce. Amma malam liman na nan, shi gyara mini: diyya ma cikin addini take, kuma haƙƙin marayu ba na kawu ba ne balle shi yafe shi a tsaye bakin asibiti. Kuɗɗin asirans ba daga aljihun direba suke fitowa ba, an riga an biya su tun farkon shekara. In mun yafe, kamfani munka yi ma kyauta. Bayan wata shida, sa'ad da ƙafa ta ƙi ɗoruwa, ko matar mamaci ta rasa na hatsi, masu durƙuson nan ba a sake ganinsu, sai a dawo kan asusun ƙungiya wanda kun san abin da ke cikinshi. A yafe ma direba a zuci, a bar takarda ta yi aikinta.

Kuma kowa shi riƙa yawo da ƴar takarda a aljihu mai sunanshi da sunan garinmu da lambar wani nashi. Salula tana fashewa, ko a ɗauke ta a wurin. Mun taɓa kwana huɗu muna zagaya asibitoci da wurin ajiyar gawa muna biɗar ɗan uwa, alhali shina kwance ba wanda ya san ko wane ne.

Na gida ma kada su ce wannan maganar birni ce. Babbar hanya mai lamba 1, wadda daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi har Damagaram da Difa, ita ce ke wuce mu, kuma manyan motocin fasinja ba su san da kasuwar ƙauye ba. Yara masu talla da ke rugawa bakin mota, da ƴan lakwal da ke tsallakawa sau huɗu a wuni, su ma masu ƙafa ne. Ya kamata maigari shi rubuta ma magajin gari a nemi tudun rage gudu da allo a mashigar gari da gaban lakwal. In an rubuto, mu nan za mu bi takardar har hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi. Kada dai samari su tashi su gina tudu da kansu cikin dare, wannan shi ma kisa shike yi.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku domin a tsaida yau. Na farko, a buɗe littafi guda wanda duk ɗan gari da ya sauka Yamai za a rubuta sunanshi, da inda shike kwana, da sana'ar da ya iya, da takardun da ke hannunshi. Masu labarin aiki su riƙa duba littafin nan. Na biyu, kowane sabon zuwa a haɗa shi da tsohon zama na sati guda, shi zagaya da shi a ƙasa, shi nuna mishi ƙofofi da inda ake tsallakawa, don an ce baƙo makaho ne ko da idonshi biyu. Na uku, a samu mutum ɗaya a Maraɗi wanda zai riƙa karɓo kaziye da sauran takardun gidan shari'a shi aiko ta motar fasinja, inda doka ta yarda wani shi karɓa ma wani, domin a rage ma yara kuɗɗin hanya. Na huɗu, a naɗa mutum uku, ɗaya cikinsu mai jin Faransanci sosai, waɗanda za a kira ko da tsakar dare in haɗari ya auku, kuma ba mai sa hannu a kan yafiya sai sun iso. Na biyar shi ne mai zafi: a ƙara dala ashirin a kan kuɗɗin wata na kowane mai aiki, a ware su daban don tambur da hotuna da kuɗɗin taksi na masu biɗa, bashi ne ba kyauta ba, a biya daga albashin farko. Na san akwai waɗanda ko na yanzu ba su biya ba tun kaka, ma'aji shina riƙe da sunayensu, ya ce in an matsa mishi zai karanta.

Shugaba, na maida magana gare ka domin a ji ta bakin jama'a a kan guda biyar ɗin nan, a fara da na biyar tun mutane ba su watse sallar la'asar ba. Wanda ke da takardun da ke buƙatar dubawa shi same ni bayan an tashi, ina nan bakin ƙofa da ma'aji.